Rage Nauyi Ba Tare da Zubar da Ƙarfi Ba: Cimar 'Yan Wasa Mata a Zangunan Accra

Nauyin jikin 'yar wasa ya haɗa da kitse da tsoka da ƙashi da ruwa, amma sikeli ba ya bambance su. Wadda ke son rage nauyi kitse take son zubarwa, domin tsoka ita ce jarinta a fili. Batun ya shafi 'yan matan Nima da Maamobi masu buga ƙwallon ƙafa da fatan shiga Black Queens, ƙungiyar mata ta ƙasar Ghana, da masu zuwa Bukom koyon damben zamani, inda ake auna ɗan dambe kafin karawa. Yawan mata a fagen damben yana ƙaruwa, musamman tun da Abigail Kwartekaa Quartey ta zama mace ta farko daga Ghana da ta ci kambun dambe na duniya a 2024.

Ƙa'idar farko ita ce bi a sannu. Masana sun fi amincewa da rage kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari na nauyi a mako, wato giram 300 zuwa 600 ga mai kilo 60. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan fitattun 'yan wasan Norway ya nuna cewa waɗanda suka rage a hankali, tare da ɗaga ƙarfe, sun zubar da kitse kuma tsokarsu ta ƙaru, saɓanin masu gaggawa da tsokarsu ba ta ƙaru ba. Rage kalori 300 zuwa 500 a rana ya wadatar, kuma lokacin da ya dace shi ne tun gasa na nesa.

Abu na biyu shi ne furotin, sinadarin gina jiki. Idan abinci ya ragu, jiki kan koma cin tsokarsa, sai dai in ana ba shi furotin isasshe ana kuma sa tsokar aiki. Ana so 'yar wasa mai rage nauyi ta samu giram 1.6 zuwa 2.4 a kowane kilo na jikinta, kimanin giram 100 zuwa 140 a rana ga mai kilo 60, a rarraba shi sau uku ko huɗu. Kasuwar Nima ba ta rasa hanyoyinsa masu sauƙin kuɗi: wake, ƙwai, busasshen kifi, wagashi, nono, gyaɗa da tsire. Ƙwai ɗaya na ɗauke da kusan giram 6.

Farantin waakye ya isa misali. Shinkafa da waken da ke ciki abincin ɗan wasa ne na gaske. Abin da ke cika shi da kalori shi ne taliya da garin rogo da aka jiƙa da mai da shito mai yawa da ake jibgawa a kai. Idan aka rage waɗannan, aka sa ƙwai biyu ko kifi da ganye, an sami kwano mai riƙe ciki da gina tsoka. Haka kokon safe: a rage sukari, a haɗa da ƙosai kaɗan da dafaffen ƙwai, domin koko kaɗai ba ya kai mai atisaye ko'ina.

Kuskure ne a guje wa tuwo da shinkafa gaba ɗaya. Sitaci ne ke ba tsoka kuzarin gudu da naushi, kuma wadda ta yanke shi takan gaji tun wasa bai yi nisa ba. Dabara ita ce a ci tuwon zafi ko dokunu ko fura kusa da lokacin atisaye mai nauyi, a rage malmala ranar hutu. Lemon kwalba da soye-soye su ya kamata a fara sallama.

Akwai haɗarin da ya fi shafar mata. Idan abin da ake ci ya gaza abin da atisaye ke ƙonawa na tsawon lokaci, jiki kan tsuke wasu ayyukansa: al'ada ta rikice ko ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni har ya tsage, rashin lafiya ya yawaita. Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya kan wannan a 2014, ya sabunta ta a 2018 da 2023. Ɗaukewar al'ada ta wata uku ba tare da juna biyu ba alama ce ta a ga likita, kuma kunya kada ta hana yarinya faɗa wa mahaifiyarta ko ma'aikaciyar jinya. Yarinyar da ba ta gama girma ba kuwa, bai kamata a sa ta rage abinci ba sai da shawarar likita.

Ƙarancin jini ma babbar matsala ce, ganin cewa kusan mata huɗu cikin goma masu shekarun haihuwa a Ghana na fama da shi. Nama, hanta, kifi, wake, ayoyo, kontomire da zogale na samar da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata. Lemon zaƙi na taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi kuwa na hana shi, don haka a raba shayi da lokacin cin abinci. Nono da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu na ba ƙashi kalsiyam.

Zafin Accra na sa a yi gumi sosai, kuma rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin ɗari na nauyi kan rage ƙwazo. Sanya leda a yi gudu ko ƙin shan ruwa kafin awo ruwa kawai yake fitarwa, kuma yana wahalar da ƙoda. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa yakan ƙunshi abin sa gudawa ko yawan fitsari, alhali WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta haramta magungunan sa fitsari, suna iya jawo dakatarwa.

A watan azumi ya fi kyau a jingine rage nauyi, a mai da hankali kan riƙe tsoka: furotin a sahur da buɗa-baki, ruwa a kai a kai har zuwa asuba, atisaye mai nauyi bayan an sha ruwa. A kowane lokaci, ma'aunin da koci zai duba shi ne gudu da ƙarfi da barci da daidaituwar al'ada. Idan nauyi na sauka waɗannan na taɓarɓarewa, abin yi shi ne a ƙara abinci.