Ko ka sani? Bakan da nauyinsa ke raguwa idan an ja shi ya kai ƙarshe

Baka mai taya, wanda masu ƙera shi ke kira compound, baka ne gajere mai ƙaramar taya a kowane kai, da igiyoyi da suka sarƙe a tsakanin tayoyin ban da tsirkiyar da ake ɗana kibiya. Da yawa a ƙasar Hausa sun fara ganinsa ne a hannun Rambo, a fim ɗinsa na biyu da ya fito a 1985. Wani maharbi ɗan jihar Misuri ta Amurka, Holless Wilbur Allen, shi ya ƙirƙiro shi. Ya yanke kawunan bakansa da zarto, ya ɗaura musu tayoyi, ya yi ta gwaji har ya dace. Ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1966, aka ba shi a watan Disamba na 1969.

Kowane baka da aka sani kafin wannan, tun daga na 'yan bakan Gumel da suka yi yaƙi da Haɗeja da Damagaram a ƙarni na 19, har zuwa wanda mafarauci ke rataye da shi yau a dajin Sule Tankarkar ko Gagarawa, halinsa ɗaya ne. Da farkon ja yana da laushi, yana ƙara tauri, har ya fi ko'ina nauyi a daidai lokacin da tsirkiya ta iso kusa da fuska. Wato a lokacin da maharbi ya fi bukatar natsuwa don ya yi saiti, a lokacin ne bakan ya fi wahalar da shi. Shi ya sa gwanin baka ba ya daɗewa a ɗane. Da ya ja sai ya saki, domin idan ya jinkirta hannu zai fara rawa.

Baka mai taya ya juya wannan al'amari. Nauyinsa na tashi da sauri tun farkon ja, ya tsaya a ƙololuwa na ɗan tsawo, sannan dab da ƙarshe ya faɗi warwas. A bakunan yau, abin da ke raguwa yana tsakanin kashi 65 da kashi 90 cikin ɗari. A ɗauki baka mai nauyin ja laba 70, wato kusan kilo 32. Jansa ya fi ɗaga jarkar ruwa mai lita 25 da hannu ɗaya. Idan an ƙera shi da ragin kashi 80, to da ya kai ƙarshe abin da maharbi ke riƙe da shi laba 14 ne kacal, kilo shida da ɗan ɗoriya, bai kai kwano uku na gero ba. Duk ƙarfin da aka zuba yana nan ajiye a jikin bakan, amma kafaɗa ta huta. Maharbi na iya tsayawa a ɗane na minti guda yana jiran gada ta fito daga bayan sabara.

Sirrin yana cikin siffar tayar. Tayar da ake ɗora igiyar guga a kanta a rijiyoyi masu zurfi na arewacin Jigawa zagayayyiya ce, sandar da take juyawa a kai tana tsakiyarta, don haka nauyin guga ɗaya ne daga ƙasa har sama. Tayar baka kuwa ta fi kama da ƙwai, kuma an huda ta ne a gefe. Yayin da take juyawa, tazarar da ke tsakanin tsirkiya da hudar tana sauyawa, haka ma tazarar igiyar da ke lanƙwasa bakan. A ƙarshen ja, tsirkiya na nesa da huda, igiya kuma ta matso kusa da ita ƙwarai. Daidai yake da mai son ture dutse da doguwar sanda: idan ya kama can ƙarshenta, ɗan ƙarfi kaɗan ya isa. Da an saki, tayar ta juya da baya, ƙarfin ya dawo wa kibiya gaba ɗaya.

Wannan sauƙi ya buɗe harbi ga mutanen da a da ba a zaton za su iya. Matt Stutzman na Amurka an haife shi ba hannaye, da ƙafa yake riƙe baka. A 2015 ya samu abin bara daga nisan mita 283, wanda ya shiga kundin Guinness, sannan ya ci zinare a gasar masu naƙasa ta Faris a 2024. A wannan gasar Sheetal Devi ta Indiya, ita ma ba ta da hannaye, ta samu tagulla tana da shekara 17.

Daga tayar ne kuma gudu ke fitowa. Da yake bakan na daɗewa a ƙololuwar nauyinsa, yana tara ƙarfi fiye da bakan itace mai nauyi ɗaya da shi, kuma rassansa, wato sassan da ke lanƙwasa, gajeru ne masu tauri da ba sa motsi da yawa, don haka ƙarfi kaɗan ke salwanta. Kibiyar bakan itace mai kyau na tafiyar mita 45 zuwa 55 a daƙiƙa. Bakuna masu taya da ake tallatawa da sauri kan kai ƙafa 340 a daƙiƙa, kusan mita 104, wato kilomita 370 da 'yan kai a awa. Da kibiya za ta ɗore a wannan gudu, da ta tashi daga Gumel ta isa kasuwar dabbobi ta Maigatari cikin ƙasa da minti huɗu.

Sai dai lambar da ake bugawa a jikin kwali tana da sharaɗi. Ana auna ta ne bisa ƙa'idar ƙungiyar maharba ta IBO da ke Amurka: nauyin ja laba 70, tsawon ja inci 30, da kibiya marar nauyi mai giram 23 ko ƙasa kaɗan. Mafi yawan mutane hannunsu bai kai inci 30 ba, kuma kowane inci da ya ragu yana cin kusan ƙafa 10 a daƙiƙa. Rage nauyin ja, da kibiyar farauta mai nauyi, da ƙananan kayan da ake ɗaurawa a tsirkiya, duk suna ƙara ragewa. Bakan da aka rubuta 340 a kwalinsa, a hannun mutum matsakaici yakan sauka zuwa tsakanin 270 da 290.

Saboda haka zaɓe na farawa ne daga jikin mai baka. Bakan gargajiya ana jansa iya inda hannu ya kai, amma mai taya yana da bango, inda ja ke tsayawa cak, kuma dole a saita bangon daidai da mai shi. Hanyar ƙiyasi ita ce a auna gaba ɗaya na mutum, daga yatsa zuwa yatsa kamar yadda ake auna igiyar rijiya, a raba da biyu da rabi. Mai gaban inci 70 tsawon jansa inci 28 ne. Nauyin ja kuma shi ne wanda mutum zai iya ja a zaune, ba tare da ya ɗaga bakan sama ko ya murɗa jiki ba. Laba 50 zuwa 60 ya ishi babban mutum farautar dabba matsakaiciya. Sai tazarar da ke tsakanin mariƙi da tsirkiya kafin a ja. Idan ta yi inci shida ko ƙasa, kibiya na daɗewa a kan tsirkiya, gudu ya ƙaru, amma ɗan kuskuren hannu ma ya ƙara bayyana. Inci bakwai ya fi yi wa sabon hannu afuwa.

Ga mafarauci akwai abin da gudu ba ya magancewa. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, fiye da ninki uku na kibiya mafi sauri. Daga nisan mita 30, ƙarar tsirkiya na isa kunnen dabba cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kibiya kuma sai bayan sulusin daƙiƙa. Wannan ɗan tsakani ya ishi barewa ta durƙusa don zabura, kibiya ta wuce ta samanta. Don haka ƙwararru kan zaɓi kibiya mai nauyi, wadda ke shanye ƙarfin baka, ta rage ƙara, ta kuma fi nutsewa. Maharbin Hausa ya bi wata hanya dabam tun tuni. Kibiyarsa ta kyauro ce mai kan ƙarfe da kunne daga maƙera, ya dogara ga sanɗa har ya matso kusa, sauran aiki kuma dafin kwankwani ke yi. Baka mai taya ba ya amfani da dafi, sai kaifi da saiti.

Mai harbin gasa bai damu da ƙarar ba. A ƙa'idar hukumar harbin baka ta duniya, ana harbi daga mita 50 zuwa faifai mai faɗin santimita 80, kuma nauyin ja ba ya wuce laba 60. 'Yan gasa sun fi son baka dogo, inci 36 zuwa 40 daga taya zuwa taya, alhali na farauta kan tsaya tsakanin 28 da 34 don ya ratsa ƙaya. Abin mamaki, ba sa son ragi mai yawa: kashi 65 zuwa 75 ya ishe su, domin ɗan nauyin da ya saura a hannu na hana saiti yawo. A gasar cikin zaure daga mita 18, da'irar maki goma faɗinta santimita biyu ne, ba ta kai murfin kwalba ba. A 2015, a garin Nîmes na Faransa, Mike Schloesser na Holan ya zuba kibau 60 duk a cikinta. A wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles za a shigar da baka mai taya karo na farko, a gasar tawagar mace da namiji.

Kula da shi ya fi na bakan itace wuya. Ba a sakin tsirkiya ba kibiya, domin ƙarfin da bai samu abin turawa ba yana komawa jikin bakan, ya tsinka igiya ko ya fasa reshe a gaban fuskar mai shi. Zafin bazara a cikin mota a rufe yana sa igiyoyi su miƙe saiti ya ɓaci, ƙurar hunturu kuma na shiga hudar tayoyi, don haka ana shafa wa tsirkiya kakin zuma ko makamancinsa, a ajiye bakan a inuwa cikin jaka. Sauya tsirkiyar mafi yawansu na bukatar injin matsewa na musamman. Mai saye da ke nesa da shagon gyara ya fi dacewa da baka mai matsakaicin gudu, wanda ake iya saita tsawon jansa da ɗan makulli a gida, tare da tsirkiya da igiyoyi na ajiya.