Tseren Motoci a Kan Ƙanƙara: Me Ke Hana Su Santsi?

Kusan kowace shekara a watan Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama a arewacin Turai, akan gudanar da tseren motoci na ƙasar Suwidin, wanda ke cikin Gasar Rali ta Duniya tun kafuwarta a 1973. Ba a filin wasa ake yin sa ba. Ƙananan hanyoyin daji ne waɗanda dusar ƙanƙara ta lulluɓe, motoci kuma suna tashi ɗaya bayan ɗaya, agogo ne ke raba gardama. Abin mamaki shi ne, wannan tsere yana cikin mafi sauri a gasar baki ɗaya, domin a wasu sassan hanyar matsakaicin gudu yakan wuce kilomita 120 a awa guda. To, yaya mota za ta yi irin wannan gudu a kan abin da mutum ma da ƙyar yake iya tsayuwa a kansa?

Amsar tana ga abin da masana kimiyya ke kira gogayya, wato ƙarfin da ke hana abu biyu da suka haɗu zamewa a kan juna. Da gogayya ce taya ke tura mota gaba, da ita take tsayawa idan an taka birki, da ita kuma take shan kwana. A kan busasshiyar kwalta roba tana kamawa sosai. Amma saman ƙanƙara yana da wani siririn shimfiɗi mai kama da ruwa, wanda ke rage gogayyar ninki da yawa. Saboda haka injiniyoyi ba su dogara ga roba ba, sai suka dasa wa tayoyin ƙusoshi.

Alal misali, tayoyin Pirelli da aka yi amfani da su a tseren daga 2022 zuwa 2024, kowace ɗaya tana da ƙusoshi 384, ko wace ƙusa kuma ta fito waje da kimanin milimita 7. Ɗalibi zai tuna cewa matsi shi ne ƙarfi idan an raba shi da faɗin wurin da ya sauka. Shi ya sa ƙusa ke shiga katako da bugu kaɗan, alhali kuwa ko an kwana ana dukan kwabo ba zai shiga ba. Haka nauyin motar, wanda ya haura tan ɗaya, yake taruwa a kan 'yan tsinin da ke taɓa ƙasa, su huda ƙanƙarar, su riƙe ta. Dalilin ke nan kuma da ya sa tayar ta zama siririya: tana ratsa dusa mai laushi ta isa ga daskararriyar ƙanƙarar da ke ƙasa, maimakon ta yi ta yawo a sama.

Tudun dusar da ke gefen hanya ma yana da amfani. Gwanin direba yakan jingina bayan motarsa da shi a kwana, tudun ya mai da ita kan hanya. In ya kuskure lissafi kuwa, tudun ya haɗiye gaban motar, sai a koma haƙa da shebur. Wannan ƙwarewa ba a samun ta dare ɗaya. Sai a 1981 aka sami wanda ba ɗan Suwidin ba ya ci tseren, wato Hannu Mikkola na Finlan, da motar Audi Quattro mai jan ƙafa huɗu. Wanda ba ɗan ƙasashen arewacin Turai ba kuwa sai a 2004, lokacin da Sébastien Loeb na Faransa ya yi nasara.

Mai karatu zai iya zaton sanyi ne babban abokin gaban direbobin. A'a, ɗumi ne. Idan ƙanƙara ta narke, tsakuwar da ke ƙasa takan bayyana, ta fizge ƙusoshin daga tayar, sannan motar ta sake hawa kan ƙanƙara babu abin kamawa. Tudun dusar da ake jingina da shi ma ya ɓace, ya bar itatuwa da duwatsu a fili. An soke tseren a 1990 saboda rashin sanyi, a 2016 da 2020 kuma dole aka rage tsawonsa. Wannan ne ya sa masu shirya shi suka bar yankin Bamlan, inda ya daɗe, suka koma arewa zuwa birnin Umeya a 2022, inda aka fi samun tabbacin daskarewar hanya.