Majalisin Masu Barin Giya da Hanyar Samunsa

Daga cikin jarrabobin da ke samun ɗan Adam, kaɗan ne suka kai shan giya kaɗaita mai yin su, domin kuwa mashayi, musamman a ƙasashenmu inda addini ya haramta barasa, al'ada kuma ta ƙyamace ta, yakan wayi gari yana ɓoye wa iyalinsa kwalba, yana tauna goro don kashe wari, yana nadama da asuba ya warware da magariba, har ya kai ga zaton babu wani mahaluki a bayan ƙasa da ya san abin da yake ɗanɗana. Wannan zato kuskure ne, kuma rushe shi shi ne mafarin waraka.

A shekarar 1935, a garin Akron na jihar Ohio ta Amurka, wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni bai sha ba, ya ji sha'awar ta taso masa bayan cinikin da ya kai shi garin ya lalace. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi su tattauna, aka kai shi wurin likitan tiyata Bob Smith. Daga wannan zama ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, wadda a 1939 ta buga littafinta mai ɗauke da matakai 12, da suka ƙunshi amsa gazawa, da mayar da al'amari ga Ubangiji, da bin diddigin laifin kai, da neman gafarar waɗanda aka cuta.

Majalisin nasu ba shi da wani ƙawa. Kujeru ne a kewaye cikin ɗakin aro, da butar shayi a gefe, sai mutum ya faɗi sunansa na yanka kawai, ba na uba ba, ya ce shi mashayi ne, ya bayyana yadda ya kwana da abin da ya kusa kayar da shi, saura kuwa su yi shiru ba mai katse shi, ba mai yi masa wa'azi. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, wato niyyar dainawa. Ba a biyan kuɗi sai abin da mutum ya jefa don hayar ɗaki. Abin da aka ji a ciki kuma amana ne. Sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama majiɓincinsa, wanda zai buga wa waya ko da tsakar dare ne, kuma alkawarin da ake ɗauka na yini guda ne, gobe a sabunta.

Musulmi ba zai ga wannan hikima baƙuwa ba, tunda haramcin giya kansa da tadriji ya sauka, daga surar Baƙara zuwa Nisa'i har hukunci ya cika a Ma'ida, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa saboda shaye-shaye. Musulmin Amurka ma sun kafa tasu ƙungiya, Millati Islami, a Baltimore cikin 1989, suka daidaita matakan da tauhidi da tuba. Ta fuskar ilmi kuwa, nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2020, wanda ya tattara bincike 27, ya nuna cewa shirin da ke shigar da mutum tafarkin Alcoholics Anonymous yana daidai da sauran hanyoyin jiyya, wani lokaci ma ya fi su, wajen ɗorewar barin sha.

To, ina mai nema zai dosa? Ya fara da likita, domin wanda jikinsa ya saba da giya kullum, idan ya yanke ta farat ɗaya, yana iya gamuwa da karkarwa da farfaɗiya da gushewar hankali cikin kwana biyu zuwa uku, lamarin da ke iya kaiwa ga ajali. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, da sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, wurare ne da za a tambaya ko akwai majalisi a kusa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana kuma neman jadawalin ƙungiyar Alcoholics Anonymous a intanet, inda wanda garinsa babu zama zai iya shiga na waya ba tare da an ga fuskarsa ba. Iyalin mashayi ma suna da nasu zaman, Al-Anon, tun 1951. Sai dai a yi hattara da duk inda ake ɗaure mutum da mari ko a doke shi da sunan gyara, irin gidajen da 'yan sanda suka kuɓutar da ɗaruruwan mutane daga cikinsu a Kaduna da Katsina a 2019.

Saboda haka muna kira ga malamai da limamai da masu unguwanni su ba da aron ɗaki da sitira ga duk mutum biyu da suka yi azamar bari, domin da mutum biyu abin ya fara. Kai kuma da abin ya shafa, kada ka jira sai ka shirya. Ka je ka zauna, ka saurara, ka koma mako mai zuwa.