Motsa jiki da neman haihuwa: ina yake taimako, ina ƙarfinsa ya tsaya?

Idan aure ya zagayo shekara ba a ga ciki ba, matar dangi ke zuba wa ido. Likita kuwa su biyun yake kira, ya ɗora kowa a kan sikeli, ya tambayi yadda suke wuni, a zaune ko a tafe. Lamarin ba na 'yan tsiraru ba ne: a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.

Ga mata, amfanin motsa jiki ya fi fitowa wajen masu ƙiba, musamman masu lalurar da likitoci ke kira PCOS, wadda kan rikita al'ada ta hana ƙwai fita a kan lokaci. Mace mai kilo 90 idan ta zubar da biyar zuwa tara, sau da yawa al'adarta kan daidaita.

Sai dai abin yana da iyaka. A Holan an gwada mata 577 masu ƙiba da ke neman haihuwa, aka buga sakamakon a 2016. Rabinsu sun yi wata shida suna motsa jiki da gyara cima kafin magani, saura aka fara musu magani nan take. Cikin rukunin farko, kashi 26 cikin ɗari sun sami ciki ba da taimakon asibiti ba, na biyu kuwa kashi 16. Amma da aka ƙirga jariran da aka haifa lafiya cikin shekara biyu, waɗanda ba su jira ba ne a gaba. Saboda haka likitoci ba sa son macen da shekaru suka fara ja ta jingine magani don jiran rama.

Maza ma da nasu lissafin. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun duba samari 189 a wani binciken da aka buga a 2013, suka tarar masu yawan motsa jiki sun fi masu zaman kallon talabijin yawan ƙwayoyin maniyyi. Wani binciken a Boston kuma ya danganta tuƙa keke awa biyar ko fiye a mako da raguwarsu, ana kuma zargin zafi da matsi, domin maraina sun fi son sanyi-sanyi. Allurar ƙara ƙwanji da wasu 'yan ɗaga ƙarfe ke yi ta fi haɗari, tana iya tsayar da samar da ƙwayoyin ɗungurungum.

Ma'aunin motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako, kamar tafiya da sauri ta rabin awa bayan la'asar, kwana biyar. Wuce gona da iri da horo mai tsanani kan ɗauke wa mace al'ada. Bututun mahaifa da ciwon sanyi ya toshe, wanda ke cikin manyan dalilan rashin haihuwa a Afirka, sassarfa ba ta buɗe shi, sai aikin asibiti. Maigidan da ya fara atisaye yau kuma sai ya jira kusan wata uku kafin ya maimaita gwajin maniyyi, don ƙwayar maniyyi kan ɗauki kwana 74 kafin ta nuna.