Me Ya Sa Muke Tsoron Maciji Fiye da Ɗumamar Duniya?

Idan mutum ya taka igiya cikin duhu, sai ya daka tsalle tun kafin ya tantance ko maciji ne. Masana halayyar ɗan Adam sun ce wannan gado ne. Ƙasusuwan mutane irinmu da aka tono a Jebel Irhud ta ƙasar Maroko sun kai kimanin shekara 300,000, alhali noma bai wuce shekara 12,000 ba. Galibin wannan zamani kakanninmu sun yi shi ne a daji cikin ƙananan gungu, inda mai tsayawa nazari idan ciyawa ta motsa bai cika barin baya ba.

Ƙwaƙwalwar da ta gina tsoronta a kan haɗari na kusa, na nan take, ita ce yau aka ɗora wa matsalar sauyin yanayi. Iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420. Ba ta da launi, ba ta da wari, ɓarnarta kuma sannu a hankali take zuwa, don haka ba ta tayar wa kowa da hankali yadda gobara a unguwa take yi.

Tausayinmu ma haka yake. Yaƙin Siriya ya riga ya ci dubban ɗaruruwan rayuka, amma duniya ba ta girgiza ba sai a Satumbar 2015, da hoton gawar wani yaro ɗan Siriya, Alan Kurdi, kwance a bakin teku a Turkiyya ya bazu. Masanin halayya Paul Slovic da abokan aikinsa sun nuna yadda gudummawa ga Red Cross ta Suwidin ta yi tashin gwauron zabi, sannan cikin 'yan makonni ta ja baya.

Duk da haka, wannan hali ba ƙaddara ba ne. Da aka gano ramin da ke cikin rufin ozon a 1985, aka danganta shi da cutar dajin fata, cikin shekara biyu ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Montreal, kuma rufin yana farfaɗowa.

Don haka, 'yan jarida da malamai su daina jibga wa jama'a alƙaluma kawai. Su nuna musu manomi da gonarsa. Hukumomi kuma su kafa dokoki masu ɗorewa, domin tsoro yakan huce, amma doka tana nan.