Kafin Soja Ya Tsallaka Iyaka

A ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Bayan kwana huɗu ƙungiyar ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda su mayar da shi kan kujerarsa, ko a yi amfani da ƙarfi. Daga nan muka riƙa jin maganar "rundunar ko-ta-kwana", wato sojojin da ƙasashen ƙungiyar ke haɗawa domin shiga wata ƙasa idan rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ba yau aka fara ba. Dakarun ECOWAS da ake kira ECOMOG sun shiga Laberiya a 1990, sun mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a 1998, kuma Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin, na dukiya da na rayuka. Rundunar haɗin gwiwa mai yaƙar Boko Haram a Tafkin Chadi kuwa daban take, domin da yardar gwamnatocin yankin aka kafa ta. Wannan bambanci yana da muhimmanci: sojan da aka gayyata ba ɗaya yake da wanda ya shiga da ƙarfin tsiya ba.

Mu Kanawa, Nijar gida ce. Unguwar Agadasawa tana nan cikin ganuwa, auratayya da fatauci kuma sun haɗa mu da Damagaram da Maraɗi tun zamanin ayarin raƙuma. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, amma da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi aka rufe iyaka, motocin kaya sun yi cirko-cirko a hanyar Jibiya, albasa da tumatir na ruɓewa, 'yan kasuwar Kwari da ta Dawanau suka ji a jikinsu. Shi ya sa Muhammadu Sanusi II ya tafi Yamai a watan Agusta ya gana da Tchiani, tawagar malamai ta bi bayansa. An janye takunkumin a Fabrairun 2024.

Ya kamata mu san cewa sashe na 5 na tsarin mulkin Najeriya ya ba Majalisar Dattawa hurumin amincewa da tura soja yaƙi a wata ƙasa, kuma a 2023 majalisar ta nemi a bi hanyar sulhu. Ke nan sanatocinmu uku na Kano ne za mu fara tambaya idan irin wannan ta sake tasowa. Mu kuma daina tura bidiyon "an fara yaƙi" a WhatsApp ba tare da tantancewa ba. 'Yan Nijar da ke neman abinci a unguwanninmu kuwa, ba su suka yi juyin mulki ba, kada mu bari a tsangwame su.