Jitar Lantarki Daga Cikin Kwali: Awo Ne Gaba da Ado

Mutumin da ya sauya yadda ake ƙera jitar lantarki a duniya bai iya kaɗa ta ba. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma da idon mai gyara ya dubi abin. Kafin shi, galibi da gam ake manne wuyan jita a gangar jikinta, in wuyan ya samu matsala sai an nemo gwani ya yi kwana da kwanaki yana fama. A 1950 Fender ya fito da jitar da daga baya aka raɗa wa suna Telecaster: falankin katako guda, wuya daban, noti huɗu su riƙe su. In wuya ya lalace a kwance shi, a ɗaura wani. A 1954 Stratocaster ta biyo baya a kan wannan tsari.

Daga wannan dabara sana'ar sayar da jita a warwatse ta samo asali. Yau mutum na iya sayen kwali guda ya tarar da gangar jiki an yanka an fafe mata ramuka, ga wuya, ga maɗaukan sauti, ga wayoyi, ga jakin da tsirkiyoyi ke hawa, ga makunnan ɗaure su. Kamfanoni irin su Warmoth na jihar Washington sun shafe shekaru suna sassaƙa jiki da wuya kaɗai, mai saye ya zaɓi katako da siffa. Sau da yawa kan wuyan yakan zo a shafe, ba a yanka masa siffa ba, domin siffar kan jitar Fender mallakar kamfanin ce a doka. Siffar jikin kuwa, hukumar rajistar tambarin kasuwanci ta Amurka ta ƙi mallaka wa Fender ita a 2009.

Wanda ya fi kowa fito da darajar wannan aiki shi ne makaɗi Eddie Van Halen. Yana saurayi a Kalifoniya, yana son jikin Stratocaster amma yana son kaurin muryar jitar kamfanin Gibson, kuma babu kamfanin da ke sayar da irin wannan haɗi. Sai ya sayi gangar jiki mai tabon ƙulli a kan dala 50, wuya a kan dala 80, ya faɗaɗa rami da kurfi, ya dasa maɗaukin sautin da ya ciro daga wata Gibson. Ya fesa baƙin fenti, ya lilliƙa tef, ya fesa fari a kai, ya ɓare tef ɗin ya bar zane-zane. Da ita ya bayyana a bangon faifan ƙungiyarsa na farko a 1978. Jita ce marar kyan gani ga idon kafinta, amma kamfanoni sun yi shekaru suna kwaikwayon ta.

Sabon shiga yakan fara da tunanin launi. A ganina nan ne ake ɓata, domin ran jita yana cikin awo. Daga inda tsirkiya ta tashi a kan wuya zuwa inda ta hau jaki, jitar Fender inci 25.5 ce, wato milimita 648, ta Gibson kuwa inci 24.75. Ƙarafan da aka gicciya a kan wuya, waɗanda yatsa ke danne tsirkiya a bayansu, kowanne da lissafinsa: a raba tsawon tsirkiya da 17.817 a sami wurin na farko, a raba abin da ya rage da wannan adadi a sami na biyu, haka har ƙarshe. Na goma sha biyu dole ya faɗo daidai tsakiya, milimita 324 a tsarin Fender. Ma'anar wannan ita ce wuya ne ke faɗa wa jaki inda zai zauna. Wanda ya ɗaura wuyan wani awo a jikin da aka huda don wani awon, ko ya kafa jaki ya goce da 'yan milimitoci fiye da abin da notin gyara ke iya cikewa, ya sami jitar da ba za ta taɓa daidaita ba. Za ta yi daɗi a buɗe, da zarar yatsa ya gangara ƙasa sai murya ta karkace.

Shi ya sa masu gwaninta ke haɗa komai tun katako yana tsirara, kafin ɗigon fenti ya taɓa shi. A zura wuya a gurbinsa a ga ko ya zauna daram babu girgiɗi. A ja layi a tsakiyar jiki, a miƙa zare biyu a madadin tsirkiyar farko da ta shida, a duba ko tazararsu da gefen wuya ɗaya ce dama da hagu. Sai an gamsu sannan a ɗauki abin huji, domin rami in ya hudu ya hudu.

Murya kuma daga maɗaukin sauti take fitowa. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya, zagaye wajen dubu takwas a irin na Fender. Tsirkiyar ƙarfe in ta kaɗa a samansa sai ta haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke ƙarfafawa. Mai naɗi ɗaya yana da murya garau, amma yana kwaso gurnanin wutar gida. Seth Lover na kamfanin Gibson ya magance wannan da naɗi biyu masu saɓa wa juna, aka fara sa shi a jitar Les Paul a 1957, muryarsa ta fi kauri. Mai haɗa tasa jitar a nan yake yanke babbar shawara. Akwai tsohuwar gardama kan ko irin katakon jiki yana sauya murya. Ni dai in kuɗi kaɗan ne, shawarata a zuba su a wuya mai kyau da maɗaukan sauti, a bar neman itace mai tsada. Kuma kada a manta da 'yar wayar nan da ake liƙawa da dalma daga jaki zuwa bayan makunnin ƙara: in babu ita, jita ba ta daina gurnani.

Fenti haƙuri kawai yake ci. A goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a fesa siriri-siriri a wuri mai iska tare da rufe hanci, a bar shi makonni ya bushe kafin a goge ya yi sheƙi. Launukan da Fender ya yi suna da su na motoci ne, daga kamfanin DuPont. Wanda ba shi da kayan feshi ya shafa man katako, ya wadatar.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Mdou Moctar, makaɗin Abzinawa na Nijar da yau ke cika dandali a Turai da Amurka, da hannunsa ya haɗa jitarsa ta farko, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Bahago ne kuma, bahagwai kuwa su ne suka fi shan wahalar samun jita a kanti, don haka haɗa ta gida ya fi yi musu rana. Katakon ma muna da danginsa: itacen da maƙeran jita ke saye da sunan mahoganin Afirka ɗan gida ɗaya ne da maɗacinmu. Ƙasar da ake sassaƙa garaya da gurmi da molo ba ta rasa hannun da zai iya fitar da gangar jikin jita, matuƙar katakon ya bushe sosai kuma an bi awo.

Abin da mai haɗa jita a Kano ko Damagaram zai fi lura da shi shi ne hunturu. Katakon da aka sarrafa a ƙasa mai laima in ya sha busasshiyar iska sai ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su leƙo suna yankar hannu, sai an bi su da zarto mai laushi. Tsirkiyoyi shida suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 40 ko fiye, sandar ƙarfen da ke ɓoye a cikinsa ce ke turjewa, kuma ana juya ta ne kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye a lokaci guda. Bayan ita a daidaita tashin tsirkiya daga wuya. Daga ƙarshe a kaɗa kowace tsirkiya a buɗe, a danne ta a ƙarfe na goma sha biyu, a gwada su da na'urar auna murya. In ta danne ta haura, a ja mazaunin tsirkiyar baya. In ta gaza, a matso da shi gaba. Idan damina ta sauka katako ya sha laima ya kumbura, sai a sake bin waɗannan matakai tun daga sandar wuya.